Fitilun Sallah da Rakiyar Badamagare

A da, in aka ce haske, ana nufin abin da mutum ke riƙewa a hannunsa. A ƙauyenmu da ke gabas da Kano, aci-bal-bal ce a ɗakunan mata, fitilar ƙwai kuwa guda ɗaya ce tal a gidan, tana zaure wurin mahaifina. Aikina ne kullum da la'asar in zare ƙwan, in hura masa iskar baki, in goge shi da tsohon tsumma har ya riƙa ƙara a ƙarƙashin yatsana, sannan in datse bakin lagwani don kada ya yi hayaƙi. In na cika mata kananzir har wuya, kakata ta ce, "Ka shayar da ita kamar baƙuwa, gobe kuma ta sha me?" Ko a daren Sallah ba a ƙara wani haske sai na murhu, inda ake tuyar waina. Ana jin daka daga gidaje uku, ana jin ƙarar ludayi a bakin tukunya, ana jin muryar mutum tun kafin a ga fuskarsa, kuma da murya muke gane juna. Yanzu ina zaune a Madina, a unguwar Aziziyya, a gidan ɗana, inda ko banɗaki fitila uku gare shi. Da zarar azumi ya kama sai a naɗe kututturen dabinon bakin titi da zaren fitilu, a kafa jinjirin wata na lantarki a kowane shataletale, a rataya manyan fitilu masu launi a saman hanya, su yi ta ci har bayan Sallah. Mutane kan cika mota da yara su fita, ba don sun ɓatar da wani abu suna nema ba, don kallo kawai.

Ba na cikin tsofaffin da ke ƙin kowane sabon abu. Na yi yawo, na ga irin wannan ado a wurare da dama kafin ya iso nan. Na ga yaran Alƙahira suna zagaya lunguna da 'yan fitilunsu na gwangwani a watan azumi, na ga yadda Turkawa ke rubutu da fitilu tsakanin hasumiya da hasumiya, na kuma taɓa tsayawa a wani titin Faris, babban birnin Faransa, cikin sanyi mai shiga ƙashi, lokacin bikinsu na ƙarshen shekara, ina kallon bishiyoyin da ba ganye sai ƙwayayen wuta. Na yi shekaru ina aikin tafinta wa alhazai a filin jirgin sama na Madina. Da Hausa da Larabci da Faransanci da Fillanci na ci abinci, har da ɗan Turancin da ke isar mutum ya raba faɗa a kan akwati. Na sha shiga tsakanin jami'i da tsohuwar da ta ɓatar da takardunta, in faɗa wa kowa abin da ɗayan ke nufi. Ina ambaton wannan ne don a san ba rashin baki ne ya jawo abin da ya faru ba.

Ni ɗan fari ne, kuma a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa. Ba ya hira da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya roƙonsa abu kai tsaye. In mahaifina yana son in kai jaki rafi, sai ya faɗa wa ƙanensa, ko ya ɗaga murya ya ce wa iska, "Jakin nan dai bai sha ruwa ba." Ni kuwa tuni na miƙe. Ba mu ɗauki wannan a matsayin ƙiyayya ba, kunya ce, kuma tun muna ƙanana aka koya mana karanta ta. Na san tarinsa na in fita da tarinsa na in dakata, na san ma'anar yadda yake ajiye buta. Ranar da zan bar gida neman karatu da aikin Hajji, da asuba, bayan kowa ya yi mini addu'a a tsakar gida, sai na ji takunsa a bayana. Ya ɗauko fitilar zaure. Muka bi ta cikin gonaki, ni a gaba da ƙunshina a ka, shi a baya, hasken yana lilo a kan karan dawa, raɓa tana jiƙa mana ƙafafu. Haka muka yi ta tafiya har muka kai bakin rafin da ya raba gonakinmu da hanyar mota. Nan ya tsaya. Ya ce, yana kallon ruwa, "In an yi wa wani laifi a yafe." Na durƙusa na ce ni ne mai neman gafara. Ya ce, "Babu komai a nan." Na haye, na hau tudu, na waiwaya, yana nan tsaye riƙe da fitilar ko da yake gari ya fara wayewa. Ban sake ganinsa ba. Amma daga ranar na san abu biyu kamar yadda na san sunana: matafiyi ana raka shi har inda ƙafa za ta iya kaiwa, kuma a wurin rabuwa ake neman gafara, ba kafin nan ba.

A kan wannan hanyar na haɗu da aminina. A bayan wata babbar mota ne, tsakanin Injamena da iyakar Sudan, muna zaune kan buhunan albasa. Ya ji Hausata, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Af, ashe da bawana a motar." Mutumin Damagaram ne, kuma tsakaninmu Kanawa da su akwai wasa tun kaka da kakanni. Na ce masa kakanninsa a kasuwarmu suka fara ganin takalmi. Ya fasa goro ya ba ni ƙaramin ɓarin. Daga ranar har tsufanmu bai kira ni da komai ba sai Bakano, ni ma ban kira shi da komai ba sai Badamagare. Tare muka yi noman auduga a Sudan, tare muka haye teku, tare muka kama ɗaki a tsohuwar unguwar da 'yan ƙasarmu suka fi yawa a Madina, inda da safe ake jin ƙamshin ƙosai daga wata ƙofa, na wake da man zaitun daga wata. Unguwar nan yanzu tana ƙarƙashin otal-otal, ko ni ba zan iya nuna inda ƙofarmu take ba. Shi tela ne, yana ɗinki a shagon wani dattijon Balarabe wanda shi ne kafilinsa, wato wanda takardar zamansa ke rataye a wuyansa.

Da aka haifa mini ɗan fari a unguwar nan, na bi abin da na gada. A gida da kakar yaro ta laƙa masa wani sunan sakayawa wanda uba zai iya faɗa, amma a nan babu kaka, babu gwaggo. Sai na tsaya a kan "kai" da "yaron nan". Badamagare ne ya zama ƙanen uban da yaron ba shi da shi a ƙasar nan. Yaron yana kiransa Baffa. Shi ya kai shi makaranta ranar farko, shi ya yi masa faɗa da aka kama shi da taba, shi ya je neman aurensa. In ina son wani abu daga yaron, sai in bi ta shagon ɗinki in faɗa tsakanin ƙarar keke, kafin magariba saƙo ya isa, an gyara shi, an sa masa gishiri. Shekara arba'in da wani abu muna haka, ban taɓa jin wani giɓi ba. Da mahaifiyar yaron ta rasu aka kai ta Baƙi'a, maƙabartar da ke kusa da Masallacin Annabi, na koma gidansa da zama, amma hanyar maganarmu ba ta canza ba. Daga ɗakina zuwa falonsa taku shida ne, maganata kuwa sai ta je shagon ɗinki ta dawo.

Akwai abin da nake ɗauke da shi game da Badamagare, shi ne dalilin wannan rubutu. Allah bai ba shi haihuwa ba, matarsa kuma ta riga tawa rasuwa da daɗewa. Sau uku yana ɗaure akwati zai koma gida tun yana da ƙarfinsa, lokacin da 'yan'uwansa ke raye, lokacin da zai iya kafa keke a garinsu ya sake aure. Sau ukun ni na kwance akwatin. Nakan ce masa, "Wa ke barin maƙwabtakar Manzon Allah da ƙafarsa? Ba mun yi alkawarin Baƙi'a tare ba?" Sai ya zauna a bakin gado, washegari ya koma shago. Maganar da nake faɗa gaskiya ce, amma ba ita ce duk gaskiyar ba. Ban san yadda zan zauna da ɗana ba in babu shi, wannan ne ya fi ƙarfi a zuciyata, kuma ban taɓa gaya masa ba. To, dattijon Balaraben ya rasu, magada suka rufe shago, idon Badamagare ya daina ganin kafar allura, gwiwoyinsa suka ƙi. Ni takardata tana rataye da ta ɗana, shi ba shi da wanda zai rataya a jikinsa. An yi ƙoƙari, ba a dace ba. Aka buga masa bizar fita ta ƙarshe, aka sa tafiyarsa washegarin ƙaramar Sallah, zuwa wurin 'ya'yan ƙanensa da ba su taɓa ganinsa ba sai a hoto.

Mun haɗu a harabar Masallacin Annabi bayan sallar Idi, yana kan keken guragu, wani maƙwabcinsa ɗan Chadi yana tura shi. Na riƙe hannunsa, na fara cewa, "Badamagare, akwai maganar da..."

Ya fizge hannun. "A nan? Cikin wannan turmutsitsin? Kai Bakano ba ka da ta-ido. So kake ka sallame ni yau don gobe ka kwanta ka huta."

"Wa zai huta? Ni dai na ce kada lokaci ya ƙure."

"Bawa ba ya sallamar ubangijinsa a tsakiyar kasuwa. Gobe ka rako ni har ƙofa, ka ɗaukar mini jaka, can za ka faɗi abin da ke bakinka, ni ma in faɗi nawa." Ya juya ya yafito ɗana. "Zo nan. Gobe ka kawo mini tsohon nan filin jirgi. Jirgina ƙarfe goma na dare. Ka ji ko?"

"Na ji, Baffa. A kaina," in ji yaron, ya sunkuya ya sumbaci goshinsa kamar yadda 'yan nan ke yi.

Washegari da muka dawo daga sallar magariba na tarar yara sun yi shiri. Jikata, 'yar shekara tara, wadda nake kira amarya, ta sa rigar Sallarta mai ƙyalƙyali, ƙanenta yana tsalle a kan kujera. Ashe tun cikin azumi uban ya yi musu alkawarin kai su kallon fitilun hanyar Ƙuba, aikinsa na otal bai bar shi ba, kuma gobe zai koma aiki. Ya tsaya a ƙofar ɗakina yana juya makullin mota a yatsa, ya ce, "Baba, jirgin Baffa sai goma. Mu ba yara rabin awa a wurin fitilu, daga can mu wuce. Kafin takwas da rabi muna maɗar, inshallah."

Maɗar shi ne filin jirgi a bakinsu. Na san lissafinsa, lissafin wanda ke zuwa Riyad da 'yar jaka a kafaɗa ne. Ni kuwa na san filin nan a irin wannan mako, lokacin da masu Umarar azumi ke komawa gida gaba ɗaya. Na san jirgin ƙasashenmu ana buɗe masa awo tun da sauran awa huɗu, na san masu keken guragu su ake fara shigarwa, kuma wanda ya wuce ƙofar ciki ba ya fitowa, mai rakiya ba ya shiga. Duk wannan yana kan harshena. Amma surukata tana tsaye a bayansa da mayafinta a hannu, yara suna kallona, kuma ban taɓa gyara masa magana a gaban iyalinsa ba, ban ma taɓa ce masa ina son abu kaza ba. Na yi tari, irin wanda da mahaifina ya yi shi da na ajiye duk abin da ke hannuna. Na duba agogo sau biyu a gabansa. Na ce, "Filin nan dai yana cika a irin wannan rana." Ya ce, "Sahih, Baba, shi ya sa ba za mu daɗe ba." Sai na ce, "To."

A mota jikata ta zauna kusa da ni. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take mayarwa. Na ce, "Amarya, wannan kwalliya duk don ni?" Ta ce ita ta fasa auren, mijin da ba haƙora ba ya kai ta ko'ina. Na ce ai ga shi na fito da ita. Ta ce babanta ne ya fito da ita, ni kaya ne kawai aka ɗauko. Uwarta ta harare ta, uban ya yi dariya, ni ma na yi, idona yana kan agogon mota.

Hanyar da ta taso daga wajen Harami zuwa Masallacin Ƙuba ta masu tafiya a ƙasa ce, sai da muka yi zagaye uku kafin mu sami wurin ajiye mota, can nesa. Ba zan ce wurin ba kyau ba. An yi rumfar fitilu a sama kamar an baza tabarmar taurari, an jera manyan fitilun azumi da suka fi mutum tsawo, kowane dabino yana walƙiya tun daga gindi. Ga masu sayar da shayi da masara da alewar auduga, ga ƙamshin turaren wuta daga shaguna, ga harsuna iri-iri, na ji Urdu, na ji Turkanci, na ji wata mata tana yi wa ɗanta faɗa da Zabarmanci. Kowa ya ɗaga waya sama. Jikata tana jan hannuna tana cewa, "Shuf, jaddi, shuf!", wato in duba. Ba mu yi nisa ba gwiwata ta ƙi, suka zaunar da ni a wani benci na dutse, ɗana ya ce minti goma su kai wurin babban jinjirin watan can su ɗauki hoto su dawo. Ya saɓa ƙaramin a wuya suka shiga cikin mutane.

Ban daɗe da zama ba wayata ta yi ƙara.

"Bakano, kana ina? Tun ɗazu nake bakin ƙofa kamar mai gadi."

"Muna hanya."

"Wace hanya ce ake sayar da masara a kanta? Ina jin mai talla. Ba ka faɗa masa ba ko?"

Na juya ina duban inda suka shiga cikin mutane.

"Shekara nawa ina yi maka dako. Yau ɗaya ka kasa ɗaukar kayanka. Ba shi wayar."

"Ya ɗan matsa."

"To kira shi. Yaran nan masu tura keke sun zo sau biyu, sun ce in ban shiga yanzu ba sai dai in bi layin kowa, ni kuwa ka san ƙafafun. Na ce musu bawana yana tafe da jakata. In ya taso yanzu zan iya ja da su kaɗan."

"Badamagare, bari in faɗa maka ko a nan ne..."

"Ba na sallama a waya. Kira shi."

Na dafa sanda na miƙe. Ina ganinsa, bai fi taku ashirin ba, ya ba ni baya, yaron yana wuyansa, hasken jinjirin watan yana zuba a kan farar rigarsa. Tsakanina da shi mutane ne kafaɗa da kafaɗa, da kekunan jarirai. Na ce, "Kai!" Wasu samari biyu suka waiwayo, da wani Bature mai gemu. Na sake cewa, "Kai, yaron nan!" Hayaniya ta haɗiye. Na san abin da zai sa ya juyo. Kalma ɗaya ce, ni na raɗa masa ita a kunne ranar suna, kuma ko a cikin kasuwa mutum yana jin sunansa. Na cika ƙirjina da iska, na buɗe baki. Na rantse da wanda raina ke hannunsa na yi niyya. Harshen ya tashi ya taɓa ganɗa ya tsaya a nan, kamar an ce in tuɓe riga a gaban jama'a. Ina nan tsaye da baki buɗe har wasu mata suka gitta, da suka wuce ban sake ganin farar rigar ba. Na kira lambarsa, ashe wayar tana jakar matarsa, da tata suke ɗaukar hoto. Na gwada kutsawa, aka ture sandata, wani yaro Bahindiye ya ɗauko mini ita ya mayar da ni kan bencin yana cewa in zauna, ya Hajji, kada in faɗi.

Minti goman nan ya zama kusan arba'in. Sun dawo da alewar auduga, jikata tana nuna mini hotuna. Na ce mata, "Amarya, ki gaya wa babanki, Baffa ya kira, ana shigar da su." Yana tsaye a gabana na faɗa mata. Fuskarsa ta canza. Ya sauke yaron, ya karɓi wayarsa ya ga kira biyar, nawa ɗaya, na Baffansa huɗu. Ya kira, ba a ɗauka ba. Ya kusa ɗaukata cak zuwa mota. Amma duk Madina ta fito kallon fitilu a daren, kowane shataletale a cushe, muna tafiya kamar ana jan mu da igiya, jinjirin wata bayan jinjirin wata yana wucewa ta taga. Aka kira isha'i muna tsakiyar gari.

A bakin ƙofar filin jirgi muka tarar da maƙwabcin nan ɗan Chadi, yana zaune a kan dakalin ƙarfe. Ya taso ya gaishe ni. Ya ce, "Alhaji, ya jira. Sau uku yana korar masu keken, har babbansu ya zo da kansa." Ɗana ya nufi mai tsaron ƙofa yana roƙo da Larabcinsa na 'yan gari, mutumin ya saurare shi da mutunci, ya ce matafiya kawai. Na san haka zai ce, ni ma na sha fassara wannan jimla ga mutane masu kuka. Na tambayi maƙwabcin wayar Badamagare, ya ciro ta daga aljihu, ya ce ya bar masa ita, layin nan ba zai yi masa amfani a can ba. Na ce ya bar wani saƙo? Ya ɗan yi murmushi, ya sunkuyar da kai. "Ya ce in ka zo in gaya maka, Bakano bai taɓa zuwa kan lokaci ba sai in ciniki ne." Na ce shi ke nan? Ya ce, "Shi ke nan, Alhaji. Yana ta waiwaye dai har suka shige."

A hanyar komawa yara suka yi barci. Mun yi nisa, sannan ɗana ya ce, idonsa a kan titi, "Baba, kai ka fi kowa sanin filin nan. Ka san lokacin. Me ya hana ka faɗa mini tun a gida?"

Na ce, "Haka Allah ya so."

Ya bugi sitiyari da tafin hannu, a hankali don kada yara su farka. Sai ya koma Larabci, harshen da yake fushi da shi, ya ce, "Jikarka ta ce ta hango ka a tsaye kana kallonmu, ta ɗauka fitilu kake kallo. Da ka kira ni da na juyo. Ban taɓa jin sunana a bakinka ba tun da aka haife ni. Baffa ya ce mini al'ada ce, ba ƙi ba ne, na yarda don shi ya faɗa." Ya tsaya, yana jiran in ce wani abu. Surukata ta juya fuskarta wajen taga. Ina da amsa da harsuna huɗu, ban ba shi ko ɗaya ba. Laifin ba nasa ba ne. Ba a koya masa karanta tarin tsoho ba, a makarantar da ya yi da otal ɗin da yake aiki wanda ke son abu faɗa yake yi.

Sau ɗaya muka samu Badamagare a waya bayan nan, ta hannun ɗan ƙanensa. Ɗana ne ya nemo lambar, ya kawo mini har ɗaki ya fita ya ja ƙofa. Layin yana yankewa, ana jin kukan awaki da muryoyin mata. Na ce, "Badamagare, ni ne." Ya ce, "Wa?" Na ce Bakano ne. Ya ce wa na kusa da shi, "Me yake cewa? Ba na ji." Yaron ya ce mini tafiyar ta taɓa shi, kunnen ya ƙara toshewa, tunaninsa ma yana zuwa yana tafiya, in faɗa masa saƙon shi zai isar. Na riƙe wayar ina tunanin yadda zan ce wa yaron da ban sani ba ya gaya wa baffansa cewa ni na tsare shi a ƙasar mutane don amfanin kaina har ƙarfinsa ya ƙare. Na ce ya ce ina gaishe shi.

Bai kai babbar Sallah ba. An binne shi a garinsu, cikin mutanen da ba su san irin ɗinkinsa ba, ba a Baƙi'ar da na riƙa yi masa kwaɗayinta ba. Ni da ɗana muna nan gida ɗaya, yana gaishe ni safe da yamma, ina amsawa, babu mai kai maganata wurinsa, babu mai kawo tasa. Ban raka aminina ba, ban roƙe shi gafarar abin da na yi masa ba, ya mutu bai san akwai abin da zan roƙa ba, kuma wannan ba zai gyaru ba a duniyar nan.